Fada James Dixon: Firist Cikin Fursunoni

A Mayu 1787 jiragen ruwa 11 suka tashi daga Ingila ɗauke da fursunoni sama da 700, suka isa Ostareliya a Janairu 1788, aka kafa garin Sidni. Katolika na cikinsu, amma ba firist ko ɗaya.

An haifi James Dixon a Weksifod ta ƙasar Ayalan a 1758. Bayan tawayen 1798 aka zarge shi da hannu a ciki, aka yanke masa kisa, daga baya aka mayar da hukuncin kora har mutuwa. Ya sauka Sidni a 1800, fursuna kamar sauran.

Ran 15 ga Mayu 1803, da izinin Gwamna King, ya miƙa Mas na farko a fili. Da fursunoni suka yi bore a 1804, ya roƙe su su ajiye makamai. Duk da haka aka janye izinin. Daga baya ya koma Ayalan, ya rasu a 1840.

'Yan'uwa a Batsari da Safana, shekara 15 waɗannan bayin Allah suka jira Mas. Kada ƙararrawar Lahadi ta same mu a gida.