Tarihin Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Yau za mu kawo muku labarin wani mutumin ƙasarmu wanda sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa, watau Alhaji Salihu Jankiɗi.

An haife shi a Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu, maƙwabtanmu mu mutanen Furfuri, tun Turawa ba su zo ba. Sunan mahaifinsa Alhassan, kuma gidansu gidan kiɗa ne, saboda haka sana'ar gado ya tarar. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Salihu ya riga ya zama magidanci. Ya yi wa sarakunan wannan yanki namu waƙa, ya zauna Tsafe a ƙarƙashin 'Yandoto. Daga bisani ya koma birnin Shehu, ya zama makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938, aka naɗa shi Sarkin Taushi. Ya kuma yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙi.

Shi taushi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai baki guda, da hannu ake buga shi, kuma na fada ne, kamar kotso da jauje. Ga yadda aikin yake. Jagora shi ke ƙaga waƙa, ya sa mata gindi, watau kalmomin da ake komawa gare su kullum. Sa'an nan ya riƙa jero ɗiyan waƙa, 'yan amshi suna karɓa. A cikin ɗiyan nan ne yake ambaton asalin sarki da iyayensa da kakanninsa, ya yabe shi da adalci da kyauta, ya yi wa abokan gabarsa zambo da habaici. Ba a rubuce take ba, a kansa take, don haka duk ranar da ya tsaya gaban sarki yana iya ƙara ɗa, ko ya rage, gwargwadon abin da ya faru da kuma wanda ke zaune a wurin.

To, a nan ne dalilin da ya sa mutane suke fifita waƙa daga bakin mai ita. Yaran makaɗi sun hardace ta sarai, maroƙa ma suna yawo da ita kasuwa kasuwa, amma ba a ba su abin da ake ba shi. Doki da babbar riga da rawani sai ranar da shi kansa ya buɗe baki. Shi ne ya san wanda aka nufa da kowane habaici, shi ya san inda zai ja murya da inda zai tsaya, kuma idan maganar ta ɓata wa wani babba rai, wuyansa za ta hau. Mai maimaitawa kuwa aro ya yi, ba shi da riba mai yawa, ba shi da hasara.

Ku malamai kun fi kowa sanin wannan. Almajiri yana iya samun littafi a kasuwa, amma ba a cewa ya karance shi sai ya durƙusa gaban malami ya ji daga bakinsa. Ku kuma fatake kun san bambancin kayan da aka saro daga hannun masaƙi da wanda ya bi ta hannun dillalai uku. Ba muna daidaita waƙar fada da ilmi ba ne, Allah ya kiyaye, kuma maganar da malamai suka yi game da kiɗa da yabon da ya wuce kima tana nan. Abin da muke nufi, ɗabi'ar mutum ce ya so jin magana daga tushenta.

Allah ya ba Jankiɗi tsawon rai har ya riski zamanin faifan garmaho da rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya yaɗa muryoyin makaɗan fada, irin su shi da Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Aliyu Ɗandawo, da Musa Ɗanƙwairo. Ta haka talakan da bai taɓa taka ƙofar fada ba ya ji su yana zaune a zaurensa, kuma abin da aka ɗauka a wancan lokaci shi ne ya rage mana na muryarsu.

Ya rasu a Sakkwato a 1973, ana cewa ya haura shekara 100 a duniya. Kiɗan taushi bai mutu da shi ba, amma dattawan da suka san shi, in an rera musu waƙarsa da wani baki, sukan ce a sa musu ta asali.

Muna roƙon Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin. Wasalam.