Sydney Ringer: Likitan da ruwan famfo ya nuna wa sirrin bugun zuciya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwalara, da wuya bai ga ledar ƙarin ruwa mai ɗauke da sunan Ringer ba. Sai dai ƙalilan ne suka san mai sunan.

An haifi Sydney Ringer a birnin Norwich na Ingila a 1835. Ya karanci aikin likita a University College da ke Landan, kuma a asibitin kwalejin ya shafe rayuwarsa ta aiki. Idan ya gama duba marasa lafiya, sai ya shige ɗakin gwaje-gwaje.

A farkon shekarun 1880 ya duƙufa neman abin da zai sa zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa bayan an ciro ta daga jiki. Ya yi ta ɗura mata ruwan gishiri, tana bugawa na tsawon sa'o'i, har ya wallafa sakamakon.

Daga baya ya gano cewa mataimakinsa da ruwan famfo yake haɗa gishirin, maimakon tataccen ruwa. Da aka sake gwajin da tataccen ruwan, bugun ya raunana, cikin ɗan lokaci ya tsaya.

Ringer bai rufe kuskuren ba. Ya bayyana shi a rubuce a 1883, bayan ya bi diddigin abin da ruwan famfon ya ƙunsa. Ya tabbatar cewa zuciya ba ta bugawa sai da kalsiyam, kuma sai an daidaita shi da fotasiyam.

Bayan shekaru, masana suka fahimci dalili: shige da ficen sodiyam da fotasiyam da kalsiyam ta bangon ƙwayar halitta ne ke haifar da lantarkin da zuciya da jijiyoyi ke aiki da shi. Har yau masu auna wannan lantarki suna ajiye ƙwayoyin halitta a cikin ruwan da ya samo asali daga haɗin Ringer.

A shekarun 1930 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara wa haɗin sinadarin laktet. Shi ne ake ɗaura wa wanda amai da gudawa suka ƙarar wa ruwan jiki.

Ringer ya rasu ranar 14 ga Oktoban 1910 a ƙauyen Lastingham na yankin Yorkshire, inda aka binne shi.