Curt Flood, ɗan wasan da ya ƙi yarda a sayar da shi

Duk shekara da zarar an kammala gasar World Series, kasuwar ƴan wasan besbol takan buɗe a Amurka. Ana sallamar masu horarwa ana ɗauko wasu, ƴan wasan da kwantiraginsu ya ƙare kuma su zauna gida ƙungiyoyi na zawarcinsu. A wannan kasuwar ce Juan Soto ya koma New York Mets a Disamban 2024 kan dalar Amurka miliyan 765 na shekara 15. Amma mutumin da ya kai ƙara don ɗan wasa ya sami wannan ƴanci, ko tamma bai ci a kasuwar ba.

An haifi Curt Flood ranar 18 ga Janairun 1938 a Houston ta jihar Texas, ya tashi a Oakland ta Kalifoniya. Ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi a 1956, ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta na kudancin ƙasar, inda a lokacin baƙar fata ba ya cin abinci wuri ɗaya da abokan wasansa farare. A ƙarshen 1957 aka miƙa shi ga St. Louis Cardinals, ya yi kaka 12 a can. Aikinsa tsaron tsakiyar bayan fili, wato cafke ƙwallon da aka buga sama kafin ta taɓa ƙasa, kuma sau bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969, yana karɓar kyautar Gold Glove ta gwanayen tsaro. Da shi Cardinals suka ci World Series a 1964 da 1967.

Ranar 7 ga Oktoban 1969 Cardinals suka yi musayarsa da ƙungiyar Philadelphia Phillies ba tare da an tuntuɓe shi ba. Haka aka saba. Tun ƙarni na 19 kowane kwantiragi yana ɗauke da wani sharaɗi da ya ba ƙungiya damar sabunta shi ita kaɗai na shekara guda, masu ƙungiyoyi kuma suka fassara shi da cewa duk shekara suna iya maimaitawa. Ɗan wasa na da zaɓi biyu ke nan: ya je inda aka tura shi, ko ya bar wasan baki ɗaya.

Flood ya ƙi tafiya. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban hukumar besbol, Bowie Kuhn, wasiƙa yana cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar, yana kuma neman a bar shi ya tattauna da kowace ƙungiya. Kuhn ya ƙi. A Janairun 1970 Flood ya shigar da ƙara.

Ya san abin da yake jefa kansa ciki. Marvin Miller, jagoran ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa, ya faɗa masa da wuya ya yi nasara, kuma ko ya yi, wasansa ya ƙare. Albashinsa a lokacin dalar Amurka 90,000 ne a shekara, don haka da yawa cikin ƴan jarida da ƴan kallo suka ɗauke shi butulu, wasiƙun zagi da na barazana suka riƙa zuwa masa. Ƙungiyar ƙwadago ta ɗauki nauyin shari'ar, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Arthur Goldberg ya zama lauyansa. Jackie Robinson da Hank Greenberg, waɗanda suka riga suka yi ritaya, sun zo sun ba da shaida. Cikin masu wasa a lokacin kuwa, waɗanda dominsu ake shari'ar, ba wanda ya tsaya gaban alƙali ya goya masa baya. A ganina nan ne labarin ya fi ɗaci, ko da yake kowanensu yana da bakin da yake ciyarwa.

Ranar 19 ga Yunin 1972 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar da uku, Flood ya faɗi. Kotun ta amince cewa keɓe besbol daga dokar hana babakere, wanda ita kanta ta yi a 1922, abu ne da bai dace da sauran wasanni ba, amma ta ce gyaran na majalisa ne.

Kafin nan rayuwarsa ta riga ta wargaje. Bai buga wasa ba a 1970. A 1971 ya koma da Washington Senators, ya buga wasa 13 kacal ya bar ƙasar. Ya zauna a tsibirin Mayorka na Sifaniya yana riƙe da mashaya, ga bashi, ga shan giya da ya daɗe yana fama da shi kafin ya daina.

Ƙofar ta buɗe ta wata hanya. A Disamban 1975 mai sasantawa Peter Seitz ya yanke cewa sabuntawar nan ta shekara guda ce tak, ya saki Andy Messersmith da Dave McNally. A 1976 aka daidaita cewa wanda ya yi shekara shida a babbar gasa yana iya zaɓar inda zai je. Masu bin ƙwallon ƙafar Turai za su tuna da Jean-Marc Bosman na Beljiyam, wanda ya ci irin wannan shari'a a 1995, shi ma wasu suka kwashi amfanin.

Flood ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairun 1997 sakamakon sankarar maƙogwaro, kwana biyu bayan ya cika shekara 59. A 1998 majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa wa sunansa, wadda ta ba ƴan wasan babbar gasar besbol kariyar dokar hana babakere a harkar aikinsu. Zauren girmama gwarzayen besbol da ke Cooperstown ya karɓi Bowie Kuhn, daga baya ya karɓi Marvin Miller. Sunan Flood bai shiga ba tukuna.