Charles Richter: Mai Kallon Taurari Da Ya Koma Awon Girgizar Ƙasa

Duk sa'ad da gidan rediyo ya ba da labarin girgizar ƙasa, akan ji an ambaci ma'aunin Richter. Amma kaɗan ne suka san cewa mai wannan suna bai tashi da niyyar yin wannan aiki ba.

An haifi Charles Francis Richter ran 26 ga watan Afrilu, 1900, a Jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, wanda ya ƙaura da su Los Angeles cikin 1909. Tun yana yaro ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar taurari. Ya sami digirin farko a Jami'ar Stanford cikin 1920, sa'an nan ya wuce babbar makarantar kimiyya ta Caltech don ƙaro ilmin fiziks.

Cikin 1927 aka yi masa tayin aiki a ɗakin binciken girgizar ƙasa da ke Pasadena. Ya karɓa da nufin ya ɗan taɓa kafin ya koma fanninsa. Aikin kuwa na gajiya ne: auna zane-zanen da na'ura ke yi bisa takarda in ƙasa ta motsa. Ashe nan zai ƙare rayuwarsa.

A zamanin, galibi da ɓarnar da girgiza ta yi ake kimanta ta, saboda haka wadda ta auku a daji ba ta da ma'auni. Cikin 1935 Richter ya fito da hanyar lissafa girmanta daga zanen na'ura da nisan wurin da ta taso, ya kuma aro sunan awon daga yadda masana ke auna hasken taurari. Kowane mataki ɗaya na nufin girman motsin da na'ura ta zana ya ninka sau 10. Abokin aikinsa Beno Gutenberg ya ba da gudummawa babba, amma duniya ta manta da sunansa, wanda kuwa ba a kyauta ba.

Girgizar Long Beach ta 1933, wadda ta kashe mutum kamar 120, ta rushe makarantu da yawa. Allah ya sa yara sun riga sun tashi. Richter ya daɗe yana matsa wa hukuma lamba a kan ƙa'idojin gini, yana kuma ƙaryata masu da'awar sanin ranar da ƙasa za ta girgiza. Har cikin falonsa ya kafa na'urar awo. Ya rasu a Pasadena ran 30 ga Satumba, 1985.