John Landis Mason: Maƙerin da Ya Yi wa Kwalba Murfi

Ya kai mai karatu, a cikin kayan da ake amfani da su kullum a gida, da wuya a sami abin da aka raina kamar murfin kwalba. Ka murɗa shi hagu ya buɗe, ka murɗa shi dama ya rufe, kwalbar zuma ce ko ta man shafawa. A wannan darasi za ka karanta tarihin wani Ba'amurke mai suna John Landis Mason, wanda ya tsara wani irin murfi mai murɗawa da ke hana iska shiga kwalba, kuma ana iya buɗe shi a sake rufewa sau da yawa. Dabararsa ta ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa, amma shi kansa ya rasu cikin talauci. Za ka ga yadda dabarar take aiki, za ka kuma ga yadda amfaninta ya kuɓuce masa.

An haifi Mason a shekara ta 1832 a jihar New Jersey ta ƙasar Amurka. Da ya girma sai ya koyi ƙirar fari, wato sana'ar yanka fallayen ƙarfe marasa kauri a lanƙwasa su a yi gwangwani da kofi da mazurari. Ya zauna a birnin Niyok yana wannan sana'a.

Kafin ka gane darajar aikinsa, sai ka san halin da mutanen ƙasarsa suke ciki a wancan zamani. A arewacin Amurka hunturu yana da tsanani ƙwarai. Ƙanƙara takan rufe gonaki wata da watanni, ba abin da ke tsirowa. Da kaka kuwa 'ya'yan itatuwa da kayan lambu sukan nuna a lokaci guda, su yi yawa har su fi ƙarfin ci. Babu firiji, babu wutar lantarki a gidaje. Abin da uwargida ba ta shanya ba, ko ta zuba wa gishiri, ko ta dafa da sukari, ruɓewa zai yi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka gidan da bai iya adana amfanin kaka ba yakan sha wuya kafin bazara.

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya riga ya buɗe hanya. Ya gano cewa in aka zuba abinci a kwalba, aka toshe ta sosai, aka dafa ta cikin tafasasshen ruwa, abincin yakan daɗe bai lalace ba. Gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000, ya kuma buga littafi a kan dabarar a shekara ta 1810. Appert bai san dalilin da ya sa abin yake yiwuwa ba. Sai daga baya Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci. Zafi yana kashe su, rufi mai kyau kuma yana hana wasu sababbi shiga.

Ka lura da wannan magana ta ƙarshe, domin a nan matsalar take. Dafawa ba ta da wuya, rufin ne ke da wuya. Appert yana toshe kwalabensa da ɓawon wani itace mai laushi, ya ɗaure da waya, ya shafe da kaki. A Amurka ma, kafin aikin Mason, matan gida sukan ɗora faifan ƙarfe a bakin tulu ko kwalba, su narka kaki su zuba a gefensa. Aikin yana da ƙazanta, kakin yana ƙona hannu, kuma in ya tsage ko da kaɗan ne, iska ta shiga, wahalar kaka ta tashi a banza. Ranar buɗewa kuma sai an fasa kakin da wuƙa.

Mason ya dubi wannan matsala da idon maƙeri. Da farko ya tsara na'urar da ke matsa fallen ƙarfe ta fitar da murfi mai layin murɗi, irin layin da kake gani a cikin noti. Sa'an nan ya tsara mazubin da za a hura narkakken gilashi a ciki, kwalba ta fito da nata layin murɗin a wuya. Ran 30 ga Nuwamba, 1858, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 22,186. Shekarunsa 26 a lokacin.

Yanzu bari mu duba yadda abin yake aiki. Yana da sassa uku: kwalbar gilashi mai faffaɗan baki, da murfi na ƙarfen zinki, da zoben roba. Ana ɗora zoben a kafaɗar kwalba, wato wurin da wuya ya haɗu da jiki. In aka murɗa murfin, yakan bi layin murɗi ya sauka a hankali har gefensa na ƙasa ya danne robar. Layin murɗi shi kaɗai ba ya tare iska, domin ƙarfe da gilashi duk masu tauri ne, ba sa mannewa da juna. Aikinsa shi ne ya mai da murɗawar hannu ta zama danniya mai ƙarfi, ya kuma riƙe ta. Robar ce ke cike kowace 'yar kafa. Mason ya yi sa'a, domin tun a shekara ta 1844 Charles Goodyear ya sami takardar mallaka a kan hanyar gyara roba yadda ba za ta narke da zafi ba, ba za ta kuma sandare da sanyi ba.

Wataƙila ka yi tambaya: me ya sa aka sa zoben a kafaɗa, ba a baki ba? Dalili shi ne, a wancan zamani da baki ake hura kowace kwalba. In an gama sai a karya ta daga jikin bututun hurawa, a goge bakin da dutse. Irin wannan baki ba ya fita daidai. Kafaɗa kuwa a cikin mazubi take samun siffarta, saboda haka takan fito sumul. Akwai kuma wata hikima: Mason ya sa layin murɗin yana sirancewa har ya ɓace kafin ya kai kafaɗa, don kada ya tsai da murfin a hanya. Da irin waɗannan ƙananan lura ake gane gwanin maƙeri.

Sauran aikin zafi da sanyi ne ke yin sa. Abinci mai zafi da tururinsa sukan kori yawancin iskar da ke cikin kwalba. In kwalbar ta huce, abin da ya rage a ciki ya tsuke, sai iskar waje ta ƙara danne rufin. Amma ka riƙe wannan da kyau: murfi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tare su kawai yake yi. 'Ya'yan itatuwa masu tsami tafasasshen ruwa ya ishe su. Nama da wake da masara kuwa suna bukatar zafin da ya fi na tafasa, wanda sai da tukunya mai riƙe tururi ake samunsa.

Jama'a sun karɓi kwalbar Mason hannu bibbiyu. Gilashi ne, saboda haka uwargida tana ganin abin da ke ciki ba sai ta buɗe ba. Tana iya wanke kwalbar da murfin ta ajiye su har kaka mai zuwa, zoben roba kaɗai za ta sabunta, shi kuwa ba shi da tsada. Aibu ɗaya da aka samu shi ne abinci mai tsami yakan ci zinkin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. A shekara ta 1869 wani mai suna Lewis Boyd ya magance wannan ta hanyar sa faifan farin gilashi a cikin murfin.

To, ina ribar mai dabara? Tun da wuri Mason ya sayar wa wasu da haƙƙin ƙirƙirarsa, saboda haka yawancin kuɗin da kwalbar ta jawo ya shiga aljihun masu kamfani. Sa'an nan ga wani sakaci da ya yi. A shekara ta 1859 ya tsara wani sabon rufi mai faifan gilashi da zoben ƙarfe mai murɗawa. Ya sa aka yi masa kwalabe kaɗan, ya ba da wasu kyauta, ya sayar da wasu, amma bai nemi takardar mallaka ba sai a 1868. An ba da takardar a 1870, amma kafin nan wasu sun riga sun shiga yin irin wannan rufi. Da magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai suka yanke cewa takardar ba ta da ƙarfi, domin mai dabarar ya sayar da kayan tun da daɗewa, ya kuma yi shiru kusan shekara tara, wanda a idon doka ya zama ya bar wa jama'a ke nan. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

A shekara ta 1879 wa'adin takardarsa ta farko ya cika, kowa ya sami damar yin kwalbar ba tare da ya biya kowa ba. Kamfanoni suka yi ca a kanta. Mafi shahara a cikinsu shi ne na 'yan'uwan nan biyar masu suna Ball, waɗanda suka fara yin kwalaben a birnin Buffalo a 1884, daga baya suka koma Muncie a jihar Indiana. Masu yin kwalabe sun ci gaba da rubuta sunan Mason da ranar da aka ba shi takarda a jikin gilashi har shekaru masu yawa, domin masu saye sun amince da sunan. Shi kuwa mai sunan ya rasu ran 26 ga Fabrairu, 1902, a wani gidan haya na talakawa a Niyok, yana da kusan shekara 70.

Dabararsa ba ta tsaya inda ya bar ta ba. A 1875 Charles de Quillfeldt ya sami takarda a kan toshi mai zoben roba wanda lanƙwasasshiyar waya ke dannewa. Da injuna suka fara yin kwalabe masu baki sumul, sai Alexander Kerr ya fito da murfi mai sassa biyu a 1915: faifai mai roba a gefensa, da zobe mai murɗawa da ke danne shi a kan bakin kwalba. Siffa ta sauya, amma tushen ɗaya ne: abu mai laushi ya toshe kafa, abu mai tauri ya danne shi. Har yau a Amurka da sunan Mason ake kiran irin wannan kwalba. Idan wata rana ka ƙirƙiro wani abu mai amfani, ka tuna da gwanintarsa ka yi koyi da ita, ka kuma tuna da shekara taran da ya yi yana jinkiri.

Tambayoyi

1. Wace matsala ce matan gida suke fuskanta da rufin kaki?
2. Faɗi sassa uku na kwalbar Mason, ka bayyana aikin kowanne.
3. Don me aka sa zoben roba a kafaɗar kwalba?
4. Me ya sa Kotun Ƙoli ta soke takardar mallaka ta 1870?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin, ka yi amfani da ita a cikin jimla taka.