Tarihin Ansel Adams

An haifi Ansel Adams ne ranar 20 ga watan Fabrairun 1902 a birnin San Francisco na ƙasar Amurka.

Tun yana yaro ya duƙufa wajen koyon kiɗan piyano, amma ziyarar da ya kai gandun dajin Yosemite a 1916, ɗauke da ƙaramar kyamarar Kodak Brownie, ita ce ta soma karkata shi ga ɗaukar hoto.

Daga bisani ya koma aiki da babbar kyamara mai ƙafa uku, wadda ake sa wa fim falle ɗaya, mai inci 8 a faɗi da 10 a tsawo.

Babbar matsalar masu hoton baƙi da fari ita ce fim ba ya iya riƙe tsananin haske da tsananin duhu a lokaci guda. Idan aka kuskure, ko dai inuwa ta zama baƙi ƙirin, ko kuma gajimare ya zama fari fat.

A wajejen 1940, Adams da abokin aikinsa Fred Archer suka fito da wani tsari da ya kasa haske zuwa matakai 11, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi.

Bisa tsarin, ana auna hasken da zai shiga kyamara ne gwargwadon buƙatar wurare masu inuwa. Wurare masu haske kuwa a wajen wanki ake daidaita su: tsawaita zaman fim cikin ruwan magani yana ƙara musu ƙarfi, taƙaitawa kuma tana rage shi. Da yake fim ɗin falle-falle ne, kowanne ana iya ba shi nasa lokacin.

Hotonsa da ya fi shahara shi ne na fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico a 1941. Ya ɗauke shi rana na gab da faɗuwa, bayan ya nemi na'urar auna haske ya rasa, sai ya yi lissafi da ka daga hasken watan.

Hotunan Adams sun taimaka wajen shawo kan hukumomi su keɓe dajin Kings Canyon a 1940. A 1943 kuma ya ɗauki hotunan Amurkawa 'yan asalin Japan da gwamnati ta tsare a sansanin Manzanar, lamarin da ya jawo masa suka.

Shugaba Jimmy Carter ya ba shi lambar yabo ta 'yanci a 1980.

Ya mutu ranar 22 ga watan Afrilun 1984 a Monterey, yana da shekaru 82.