Hajiya Gambo Sawaba, Jagorar Matan NEPU

An haifi Hajaratu a shekarar 1933, ta girma a Zariya. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta kuwa Banufiya. Gambo laƙabi ne, domin ita ce ta bi tagwaye. Karatunta bai yi nisa ba, aka aurar da ita tana yarinya.

Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, har ta zama shugabar reshen mata a Sabon Garin Zariya. A wancan zamani mace ba ta tsayawa gaban maza ta yi jawabi, amma Gambo ta tsaya. Ta riƙa bi gida gida, tana shiga wajen matan kulle, inda maza ƴan siyasa ba su da ikon taka ƙafa, tana bayyana masu manufar jam'iyya da amfanin ƙuri'a da illar auren wuri. Wannan shi ne babban aikinta, ko da yake an fi tunawa da ɗaurin da ta sha. Ta kuma je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti.

Hukumar En'e ba ta raga mata ba. An gurfanar da ita a Kano, aka kai ta gidan kaso, daga baya aka kore ta daga garin. Duka da ɗauri kuwa, ta sha su sau da yawa.

Dokar 1956 ta bai wa dukan matan Nijar ƴancin jefa ƙuri'a. Ƴan'uwansu na ƙetaren iyakar Ƙonni sai da suka jira har 1976. Gambo ta ga wannan rana da idonta. Ta rasu a Zariya a 2001, aka kuma sanya sunanta ga babban asibitin Ƙofar Gayan.